Rumfar da Ta Yi Saiwa

Saratu, Bello, da ke Auta, na ji abin da ake gaya muku a kaina. An ce uwarku ta taɓa shiga makabarta da rana tsaka, da galma a kafaɗa kamar namiji. An ce baƙin ciki ne ya taɓa mata kai. An ce ni na raba gidanmu da gidan Baba Mani. Na farkon gaskiya ne, sai dai ba galma ba ce, dagi ne na haƙa rami. Sauran biyun ku karanta ku yanke da kanku. Sai da na yi furfura na iya riƙe alƙalami, rubutuna kamar kaji sun yi tono, amma ban taɓa lanƙwasa magana don a ji daɗi ba, ba kuwa yau zan fara ba.

Shekarar da 'yan bindiga suka shiga garinmu, can bayan 'Yankuzo, ina Tsafe wajen suna, ku ukun kuna tare da ni. Babanku da yayanku suna gona suna yankan gero. Ban ga gawarsu ba. A ranar aka rufe su tare da sauran mutanen gari, a kurmin da ke bayan gari, inda muke kai matattunmu tun kakanni, cikin itatuwan kirya da marke da wata tsohuwar tsamiya. Ko da ina gari ba zan je ba, mace ba ta bin gawa. Baba Mani, ƙanin babanku, yana cikin waɗanda suka yi haƙa. Ku ba ku san shi da wasa ba, amma da can shi ne abokin tsokanata a gidan. Ya shigo ya ce ina matarsa mai bakin reza, in ce ga malalacin miji nan ya biyo ƙamshin tuwo. Ina cikin takaba ya zo gaisuwa, na tambaye shi inda aka sa su. Ya ce suna gabas da tsamiya, ya san wurin, in bar wa Allah. Wannan magana na riƙe kamar sanda, da ita na miƙe.

Muka gangaro Gusau muka kama ɗaki, ina tuyar awara a bakin hanya. Nan wata maƙwabciya ta ja ni ajin manya da ake yi bayan la'asar. Da muka fara haɗa baƙaƙe, malamar ta ce kowa ta rubuta sunan wani nata. Mata suka rubuta na jikoki. Ni hannuna ya tafi ya rubuta sunan yayanku. Kun san ɗan fari ne, tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai in ce kai yaro, ko in aiki ɗayanku ya kira min shi. Haka uwata ta yi, haka na yi, na ɗauka akwai lokaci. Ranar na gane hannu ba ya jin kunyar da baki ke ji. Na zauna ina kallon sunan a takarda har aka tashi.

Bayan wasu damuna aka sami ɗan sassauci, irin zaman nan da ake kira sulhu, wanda kowa ya san rance ne. Mutanenmu suka fara komawa noma, su yini su dawo Tsafe. Matan da ke kai abinci gona su suka kawo min labari. Masu gawayi sun shiga kurmin, kiryoyin nan da ba a taɓa sa musu gatari ba duk sun zama buhuna a gefen titi. Shanu na ratsawa ta kan kaburbura. Ruwa na wanke ƙasa. Suka ce nan da 'yan shekaru wani zai sa garma a wurin, ya shuka dawa a kan mutanenmu bai sani ba. Abin da ya hana ni zama ke nan. An kashe su sau ɗaya ina Tsafe ina cin tuwon suna. Ban yarda a shafe su karo na biyu ina Gusau ina juya awara ba.

Na tafi wajen wani kafinta a kasuwar katako, Malam Garba, mutum mai haƙuri da masifata. Na ce ina son rumfar kwano a makabarta da alluna masu fenti, kowane da sunan mai shi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce farin katakon da yake sayarwa gara za ta cinye shi kafin damina biyu, kwanon kuwa ba zai yi mako ba, har ƙusoshin za a zare.

"Inna Kulu, dajin da ba a iya gadin mutum, wa zai tsaya gadin kwano?"

Ya ce sai dai kirya, ita gara ke tsoro. Na ce kiryar ce ai ta jawo masu gawayi, in na kafa ta na sare musu na kai musu har gida. Duk icen da ke da ƙarfi ɓarawo na sonsa, duk wanda ɓarawo ba ya so gara na sonsa. Na tashi na tafi ba mu tsayar da komai ba.

Amsar tana Karakkai, gidan iyayena a ƙasar Bungudu. Na je gaisuwar mutuwa, muna zaune ƙarƙashin ceɗiyar ƙofar gida, sai na tuna wannan itaciya da mutum biyu ba sa iya rungume ta turken jakin babana ce. Reshe ya saro ya kafa don ya ɗaure dabba, ruwa ya sauka, turke ya yi ganye. Jakin ya mutu, babana ya mutu, turke na nan yana ba jikoki inuwa. Na leƙa bayan gida, shingen icen dashi da uwata ta dasa yana nan da ƙayarsa, ko akuya ba ta ratsa shi. Gara mataccen ice take ci. Mai gawayi kuma ba ya wahalar da kansa da ceɗiya ko dashi, in ya ƙona toka zai kwasa. Ashe abin da nake nema icen da ba wanda ke so ne, kuma a kafa shi da ransa.

Na fere karan dawa na haɗa 'yar rumfa irin ta wasan yara, na ɗora a faranti na kai wa Malam Garba. Yaran shagonsa suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya juya ta ya juya. Na ce dirka huɗu na ceɗiya, kowace mai gwafa, a kafa su ɗanyu. Ya ce to ba ƙusa ko ɗaya, ƙarfe na ruɓar da ɗanyen ice kuma yana kiran ɓarawo. Azara za a ɗora cikin gwafar, na ce akwai giginyar da iska ta kayar a fadamar babanku, ba sai an kashe wata ba. Ya nuna min yadda za a sassaƙe bakin azarar ta zauna daram, a ɗaure da igiyar kaba sakwa-sakwa, don itace mai rai yana ƙiba, in an matse shi sai ya shaƙe. Rufi na zana. Nan ya tsaya ya ce zana fa kowace kaka sai an sake ta, wa zai riƙa zuwa? Na ce ai don haka nake son ta. Rufin da ba ya lalacewa ba mai zuwa duba shi. Wannan kuwa dole duk shekara wani ya tako ƙafa, ya ɗaura sabuwa, ya yi musu addu'a.

Limamin garinmu, wanda shi ma gudun ya ajiye shi a Tsafe, ya ce ba gini a kan kabari, ba rubutu. Rumfa a bakin makabarta, inda za a sauke makara masu haƙa su huta, wannan ba laifi, dasa itace kuwa sadaka ce. Na yi ta ja da shi a kan sunayen har matarsa ta fito tana ba ni haƙuri. Ya ce wanda ya karɓe su ba ya buƙatar allo kafin ya gane su. Na ce na sani, ni ce mai buƙata. Bai sauko ba, na haƙura da alluna. Amma na roƙi abu ɗaya, reshen dashi a kan babanku, reshe a kan yayanku, ya ce wannan ya yarda. Saura wanda zai nuna wurin. Na sami Baba Mani. Fuskarsa ta canza tun ban rufe baki ba.

"Yau reshe, gobe siminti, jibi a zo ana shafa. Wagga hanya na san inda take zuwa. Ba ni nuna miki."

Rumfar dai ya ce zai tara maza su kafa, da sharaɗin in tsaya Tsafe inda mata ke tsayawa. Na yarda. Ana dasa irin waɗannan rassa ne a ƙarshen bazara, ice na barci, hadari ya fara haɗuwa. Dangina na Karakkai suka sare mana dirkoki daga ceɗiyar babana da damin dashi. Na yayyaga tsohon zanena na ɗaura tsumma a kan kowane reshe don a san sama da ƙasa, kada a kafa shi a kife. Na faɗa wa Baba Mani ɗanyu za a kafa su. Ya ce ya ji, tun ban zo gidansu ba yake kafa rumfa. Aka loda a mota suka tafi, na zauna gidan yayata a Tsafe ina jan carbi.

Ruwa ya sauka, gero ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Duk wadda ta dawo daga gona sai in tare ta, rumfa ta yi ganye? A ce a'a. Dashin ma da aka jera ba a zurfafa ba, shanu sun tuttuge shi. Baba Mani ya aiko a ce min icena ya ƙi. Sai wata tsohuwa mai itacen girki, wadda ta hango daga hanya, ta ce min rumfar ta yi kyau ƙwarai, dirkokin fari fat kamar ƙashi, gindinsu baƙi ƙirin. Nan take na gane. Sun ɓare ɓawon. Sun babbake gindin da wuta. Na sami Baba Mani a rumfar mai shayi cikin maza, ban jira ya taso ba.

"Mani, wa ya ce ku feɗe min ice?"

"Tun kakanninmu wa kika ga ya kafa dirka da ɓawonta? Yini muka yi muna ɓara muna babbaka, don gara. Aikin da ban yi wa ɗakina ba shi na yi miki."

Ku lura da wannan, don a nan masu ba ku labari ke karkacewa. Ba mugunta ya yi ba. Abin da hannun kowane namijin ƙasarmu ya sani ke nan, in za a kafa dirka a ɓare ta a ƙona gindinta. Sun sa ƙarfinsu da ƙaunarsu, sun yi wa 'yan'uwansu aiki mafi kyau da suka iya, da wannan kyan aikin suka kashe icen. Kafin kaka ta wuce gara ta hau shi duk da ƙunar, rumfa ta durƙusa. A wannan daminar kuma ruwa ya ci gefen makabartar na gabas, har sai da maza suka je suka mayar da abin da bai kamata rana ta gani ba. Ban tambayi ko na wane ne ba.

Da bazara ta zagayo na koma Karakkai. Ƙanena ya ce ceɗiyar ba ta gama warkewa ba, wannan ne sara na ƙarshe, in an sake za ta mutu. Ya ba ni. Na san in na miƙa wa maza na ce kada a ɓare, za su ce to, hannu kuma ya yi abin da ya saba. Na ce da ni za a je. Saratu, kin tuna kin riƙe min zane kina kuka, kina cewa in ba 'yan bindiga ba bakin mutane. Baba Mani ya ce in na taka makabartar nan ba shi ba ni har abada. Na ce Allah ya ba mu haƙurin juna. Na hau bayan motar na zauna a kan icena.

Da hantsi muka isa. Na yi aure a garin nan, na haihu, na yi shekaru, ban taɓa ganin cikin kurmin ba sai ranar. Ba kurmi kuma. Kututture ne ko'ina, da baƙaƙen ramukan gawayi, da kashin shanu. Tsamiyar kaɗai aka bari. Na zaci zan ga tudun kaburbura a jere, ba komai, ƙasa ce shimfiɗe kamar masussuka. Na cire takalmi, na yi musu sallama, na shiga. Maza suka tsaya cak. Wani dattijo ya ce a'uzubillahi, wani ya juya baya. Ba wanda ya taɓa ni. Na auna da igiya yadda Malam Garba ya nuna min, na fara haƙa. Ƙasar bazara kamar dutse, dagi na tsalle, tafina ya fashe. Sai da na kusa gama ramin farko wani ya karɓi dagin ba tare da ya kalle ni ba. Wani ya ɗauko wuƙa zai taɓa dirka, na ce in ya sa mata ƙarfe sai na sa masa. Muka kafa su da ɓawonsu, farin ƙaronsu na ɗiga, tsumma a sama. Na durƙusa na daddanna ƙasa da hannu.

Na ware rassan dashi biyu mafi kyau. Baba Mani na tsaye gindin tsamiya, tun da muka zo bai ɗaga ko tsinke ba. Na je gabansa na ce ga ni na shigo, abin da ake tsoro ya faru, sama ba ta faɗo ba, ya nuna min. Ya ce in bari. Na ce ba na bari. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce shekara da shekaru yana cewa ya sani, yau ya taka ya nuna, ko ya faɗi abin da na yi masa da yake hana ni mijina da ɗana. Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce.

"Ban sani ba, Kulu. Rami guda muka ja, dogo, daga nan har can. Mutum na bisa tsamiyar ga yana duba hanya, ana jin harbi. Ba likkafani, da zannuwa muka naɗe su. Wasu ba fuskar da za a gane. Ko ni na sa yayana da hannuna, ko wani ya sa shi, ban sani ba."

Ya ce ranar da na tambaye shi ina cikin takaba, ya ga in bai ba ni wani abu na riƙe ba zan faɗi, shi ya sa ya ce ya sani. Daga nan kuma ya rasa hanyar dawowa, sai ya fake da maganar bidi'a. Ya faɗi haka a gaban mazan da suka yi haƙar tare da shi, waɗanda duk sun sani, duk sun yi shiru tsawon shekarun nan. Ba wanda ya ɗaga kai.

Ban yi kuka ba, kada wani ya ce muku na yi. Na dubi rassa biyun da ke hannuna, na mayar da su cikin damin. Na ce to a nuna min bakin ramin da ƙarshensa. Wannan sun sani. Muka zagaye shi duka da dashi, muka zurfafa, muka haɗe da rumfar, har rana ta karkata. Ban san wane reshe ne ya fi kusa da su ba. Da na zo kan na ƙarshe ina danna ƙasa, na sunkuya na kira sunan yayanku, a hankali, sau ɗaya. Wannan ne karo na farko, ban kuma sake ba.

Abin da ya biyo baya kun gani da idonku. Mata suka daina aiko min da yara sayen awara na wani lokaci, aka ce hannuna ya taɓa ƙasar kabari. Wannan bai dame ni ba. Baba Mani ne bai ƙara yi min magana ba. In na shiga gida ya fita, in mun haɗu a hanya ya duba gefe. Mutane suka ce don na shiga makabarta ne. Ba shi ba ne. Na tsiraita shi a gaban maza, na ƙwace masa ƙaryar da ya yi don tausayina, ni kuma na rasa sandar da nake dogarawa. Kowa ya yi asara a gindin tsamiyar nan. Da za a mayar da ni can, zan sake tambayarsa, don gara in san ban sani ba. Amma ba na ce muku kyauta na samu ba.

Dirka uku suka yi ganye a daminar, ɗaya ta mutu aka tokare wurin. An ce min da kaka ta yi, Baba Mani ne ya saƙa zana ya je shi kaɗai ya ɗaura. Shekarar da ta biyo ciwo ya kwantar da shi, ya rasu a Tsafe, ya bar wasiyya a kai shi gida. A ƙarƙashin rumfar aka sauke makararsa, cikin inuwa. Bayan sadakar bakwai matarsa ta zo Gusau da wani abu naɗe a buhu. Ta ce tun kafin ya kwanta ya saro shi, ya jingine a inuwa yana yayyafa masa ruwa, ya ce a ba ni in ya tafi, bai ƙara ko kalma ba. Na kwance. Reshen ceɗiya ne daga rumfar, ɓawonsa na jikinsa, an ɗaura tsumma a kansa.

Shi ne wannan da ke ƙofar gidan nan, wanda 'ya'yanku ke lilo a jikinsa, wanda Bello ya ce zai sare don saiwarsa na taɓa katanga. Yanzu ka san abin da za ka sare.

Sulhun ya watse kamar yadda kowa ya sani zai watse, hanya ta sake rufewa. Rabon wani namu da wurin an daɗe. Wani direba da ya ratsa ya ce zanar ta zube, amma itatuwan sun yi kauri har sun haɗiye bakin azarar, dashin kuma ya rufe ba hanyar saniya. Ba wanda ya sa gatari. In na mutu kada ku sa ran kowa a hanya don kai ni can, ku rufe ni nan Gusau cikin mutane. Amma ranar da hanya ta buɗe, ko ina raye ko ba na raye, ku saƙa zana ku kai. Ku sari reshe daga itacen ƙofar nan, a ƙarshen bazara, ku cike gurbin dirkar da ta mutu. Ku ɗaura tsumma a sama. Duk wanda ya zaro wuƙa don ya taimake ku, ku gode masa, ku riƙe masa hannu.